Kalar da Baba Dantong Ke Gani

Laraba, 7 ga Fabrairu 2007, bayan Magariba

Yau da safe Baba Dantong ya zauna a kwamfuta mai lamba ɗaya kamar kullum, ya cire hular sanyinsa ya ɗora a gwiwa, ya buɗe burauza. Hannunsa na kan kibod amma ba ya motsi. Can ya ce, "Sharafa, zo ka ga wani abu."

Na je. Allon fari fat, rubutu ƙanana baƙaƙe, irin na kowa. Babu koren nan nasa, babu manyan haruffan. Ya danna maɓallin da yake dannawa ya kai shi gidan rubuta suna a fom, bai je ko'ina ba. Ya sake dannawa. Ya juyo wajena yana murmushi, don a ganinsa ƙaramin abu ne da zan gyara kafin shayinsa ya huce.

Na ce masa bairos ne.

Alhamis, 8 ga wata, bayan Asuba

Bairos ne. Haka na faɗa wa Madam Nkechinyere ma, mai kafen intanet ɗin da muke aiki, da ta leƙo ta tambayi abin da ya sa layin lamba ɗaya ba ya tafiya. Ta ce, "Wane irin bairos ne wannan da yana kama kwamfuta ɗaya ya bar goma sha ɗaya?" Na ce akwai irinsa. Ta kalle ni ta koma kan teburinta. Ni ne mai kula da injinan kafen, abin da na faɗa shi ne.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai daina juyawa.

Baba Dantong ya girmi mahaifina. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana buga tafireta a kamfanin kuza kafin kamfanin ya mutu, daga baya ya koyi kwamfuta da furfurarsa. A duk Titin Bauchi babu mai cike fom da saurinsa. Ɗalibai sukan bar kwamfuta babu kowa su bi layinsa. Ba ya karɓar takardar kowa, sai ya ce, "Faɗa mini da bakinka, wannan rubutun naku na kaji ne." Su yi dariya su karanta masa. Suna zaton tsiya ce ta tsofaffi.

Ni kaɗai na san dalili. Shekara biyu da suka wuce na kama shi bayan an tashi, hancinsa kusan a jikin allo. Ya ce likita ya gaya masa ciwon idon nan ba ya komawa baya. Ya ce in Madam ta ji, ranar ce ta ƙarshe, kuma yana da 'ya'ya biyu a sakandare. Shi ne na rubuta masa ɗan ƙaramin shiri da ake maƙala wa burauza, abin da ake kira ekstenshan. Yana ƙara girman rubutu, yana sauya kala, yana barin mutum ya zaɓi maɓallin da zai kai shi kowane gida a fom ba tare da ya nemi gidan da ido ba. Na sa masa suna Tabarau. Ni na ƙera, amma shi ya saita abinsa, shafi bayan shafi, kaɗan yau kaɗan gobe, yadda idon yake raguwa. Muka juya teburinsa ya fuskanci bango, muka ce hasken taga ne ke damunsa. Masu ganin koren allonsa suna cewa gayu ne.

Wannan saitin na shekara biyu shi ne babu.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana, a kafe

Mutum shida ya cike wa fom tun safe. Da yakan yi talatin.

Asabar, 10 ga wata, bayan La'asar

Littafina ne, babu mai karantawa, amma kwana uku ina yi masa ƙarya shi ma.

Ranar Talata Baba ya tafi jana'iza a Kabong, ya bar kujerarsa wuni guda. Ni kuwa wata biyu kenan ina sake rubuta Tabarau. Wani abokina ya ce akwai kamfani a Abuja da ke neman yara masu iya irin wannan aiki, in na nuna musu abin da hannuna ya yi ba za su kalli takardar makaranta ba. Na gyara shi ya yi kyau. Na sa masa ɗan akwati da in an danna zai nuna "Sharafaddeen Ahmadu, Jos, 2007". Sau nawa na danna akwatin nan ina kallon sunana, Allah ne kaɗai ya sani.

A sabon, na sauya wurin da ake ajiye saiti. Ya kamata in ya tashi karo na farko ya kwashe tsohon saiti ya kai sabon wuri, sannan ya share tsohon wurin. Layi biyu ne kawai. Na sa layin sharewa a sama, na kwafewa a ƙasa. Ya share, sannan ya je kwafar abin da babu. Na gwada a kwamfutata ya yi lafiya lau, don ni ban taɓa saita komai ba, ba ni da abin da zan rasa. Da na ga kujerar Baba babu kowa sai na ce bari in yi masa bazata. Filas ɗina na kwafar bayanan kwamfuta na aljihuna a lokacin. Minti ɗaya zai ɗauke ni in ajiye kwafin saitinsa. Har na tuna, na ce ai na gwada.

Bai roƙe ni gyara ba. Abin yana yi masa aiki. Garin neman gira aka rasa ido, in ji masu magana, kuma ban taɓa jin karin magana ta yi mini ɗaci haka ba.

Na mayar da tsohon Tabarau, bai dawo da komai ba. Na tono duk inda na sani a cikin injin. An rubuta wasu abubuwa a kai tuni.

Litinin, 12 ga wata, bayan Magariba

Mun tsaya ni da shi da yamma bayan layi ya ragu, za mu sake saitawa. Na yi zaton aikin awa ɗaya ne.

Na tambaye shi lambar kalar bayan allon. Ya ce shi bai san lamba ba, yakan ja abin nan ne a hankali har sai haruffa sun daina rawa. Na ce to wace irin kala ce? Ya ce, "Kai da kake ganinsa kullum?" Gaskiyarsa. Shekara biyu ina wucewa ta bayansa, kuma wallahi abin da zan iya cewa kawai kore ne mai duhu. Ya ce kamar ruwan kududdufin kuza da yamma, haruffan kuma kamar acca da aka wanke. Na sa kore. Ya ce a'a. Na ƙara duhu. A'a. Na sirka da ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ya yi kusa, amma suna gudu." Mun gwada kala arba'in da bakwai, ina rubuta lambobinsu a bayan wata takarda.

Abin da ya tsorata ni shi ne girman rubutun. Da na ba shi Tabarau, a ashirin da huɗu ya fara. Yau na sa ashirin da huɗu, shiru. Talatin da shida, shiru. Na kai saba'in da biyu, harafi huɗu sun cika allo, ya karkata kai gefe kamar mai sauraro, ya ce, "B ne ko takwas?" Ashe tun tuni yawancin aikin yatsunsa ne ke yi. Allon yana duba abin da ya buga ne kawai, shi ma in kalar ta zauna daidai. Ban san abin ya kai haka ba. Bai bari na sani ba.

Ya ce mini, "Kar ka damu kanka, ɗana. Ba kai ka kawo bairos ba."

Talata, 13 ga wata, da rana

Wani ɗalibi ya ce kwamfutar gidansu ta kama bairos, na zabura har na zubar da ruwa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alhamis, 15 ga wata, bayan La'asar

Yau an yi ta.

Wata yarinya Firisila ta zo ranar Litinin Baba ya cike mata fom ɗin jarrabawar shiga jami'a. A wajen garin da za ta rubuta jarrabawa, a da yana da maɓalli ɗaya da ke sa Jos kai tsaye. Yanzu babu, sai ya danna J ya wuce. Jalingo ce ta fara fitowa a jerin. Ba wanda ya lura sai da ta kai takardar gida. Yau ta dawo da mahaifiyarta, mai sayar da tumatir, ko zanin kasuwa ba ta sauya ba. Uwar ta tsaya a tsakiyar kafe tana ɗaga takardar tana cewa wa ta sani a Jalingo, wa zai kai mata 'ya can, ina za ta kwana. Yarinyar tana kuka a hankali. Shekara biyu tana jira ta zauna wannan jarrabawar.

Baba ya miƙe tsaye, ya riƙe hularsa da hannu biyu, ya ce, "Mama, laifina ne. Ki yi haƙuri." Dattijo mai furfura, a gaban yaran da suka isa jikokinsa.

Ina tsaye kusa da firinta ina sa takarda a ciki. Ta cika, ina ta ƙarawa.

Madam ta lallashe su, ta ce za ta rubuta takardar neman gyara ta kai ofis da kanta. Da suka fita ta ce, "Baba Dantong, shekara biyar ba ka taɓa yi mini haka ba. Mene ne yana damun ka?" Ya ce gajiya ce.

Juma'a, 16 ga wata, bayan an sauko masallaci

Ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba. Ina lissafin kore.

Ga abin da nake gaya wa kaina: in na faɗa wa Madam ni ne, za ta tambayi wane saiti, za ta tambayi me ya sa yake buƙatarsa, asirinsa ya tonu. Kenan shirun da nake yi rufin asirinsa ne. Magana ce mai kyau, har da ƙamshi. Sai dai ba ta bayyana abin da ya hana ni gaya masa shi ba.

Lahadi, 18 ga wata, da hantsi

Yaya Maimunatu ta gaji da ni. Tana kan keken ɗinkinta ta ce, "Wai kai budurwa ce ta ƙi ka ko bashi ake bin ka? Mako biyu kana zaga gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai." Na ce kala nake nema. Ta yi dariya har ta taka keken ba daidai ba.

Na gaya mata rabi. Na ce wani dattijo ne ke son kore irin na kududdufin kuza, na kasa samu. Ta ce matsalata ina tambayarsa da baki. Ita in mace ta zo tana cewa shuɗi take so, ba ta tsayawa jin bayani, kwalin zare take buɗe mata ta nuna da yatsa. Ta juye mini duk korayen zarenta a leda, guda goma sha tara, ta ce in na ɓatar da ɗaya in nemi wani gidan.

Ta bi ni da kallo har ƙofa, sannan ta ce, "Sharafa, dattijon nan me ka yi masa?" Na ce zan makara.

Litinin, 19 ga wata, bayan Magariba

Na jera masa zarurrukan a kan farar takarda a bakin taga. Ya ɗauki ɗaya bayan ɗaya yana kaiwa gefen idonsa na dama. Ya ware biyu, ya ce tsakaninsu ne. Na yi ta ƙoƙarin kwaikwayonsu a allo. Zare daban, hasken allo daban. Mun kai lamba tamanin da uku.

Maɓallan ma mun fara mayarwa, amma bai san su da ka ba. Sai ya ɗora hannu a kibod ya yi kamar yana cike wa wani, ni kuma ina kallon inda yatsa ya sauka ina rubutawa. In na ce ya maimaita a hankali sai ya rikice. Shafi arba'in da wani abu ne, mun gama uku.

A nan ne na faɗa. Ban shirya ba. Yana mayar da zaren cikin leda na ce, "Baba, ba bairos ba ne. Ni ne. Ranar da ka tafi jana'iza na sa sabo, ya goge naka."

Bai ɗago ba. Ya ƙulle bakin ledar a hankali, ƙulli biyu. Ya ce, "Na ce maka tsohon ya lalace?"

Na ce a'a.

"To me ya sa?"

Na gaya masa maganar Abuja, har da akwatin suna. Ban rage ba. Sannan ya ce, "Ranar nan na ce maka ba kai ka kawo bairos ba, ka yi shiru."

Na ce haka ne.

Ya miƙo mini ledar. Ya ce, "Abu ɗaya zan roƙe ka. Ka bar shi a bairos. Ko mene ne Madam ta ce, ko mene ne ka ji, bakinka ya zauna. In an rufe rajistar jarrabawar nan layi zai ragu, za mu samu lokaci. Ka ji?" Na ce na ji. Ya ce in rantse. Na rantse.

Bai ce ya yafe ba. Ni ma ban tambaya ba.

Laraba, 21 ga wata, da rana

Na matso da kujerata kusa da shi. Duk fom ɗin da ya gama, kafin ya tura sai in sunkuyo kamar ina duba waya a bayan injin, in karanta allon da gefen ido. In akwai kuskure in taɓa kafaɗarsa sau ɗaya, in raɗa masa gidan. Yau sau tara na taɓa shi. Duk taɓawa sai in ji kafaɗar ta ƙame.

Yana gaishe ni da safe. Ya daina cewa ɗana.

Alhamis, 22 ga wata, bayan La'asar

Kore mai lamba ɗari da sha ɗaya. Ya ce wannan ya fi. Ban sani ba ko ya fi ɗin ne ko ya gaji.

Asabar, 24 ga wata, bayan Asuba

Abokina ya aiko saƙo, wai mutanen Abuja suna jira in tura musu. Ban buɗe ba.

Jiya Madam ta tsaya a bayanmu ta daɗe. Ta ce, "Yanzu mutum biyu ne yana aikin kujera ɗaya?" Na ce ina sa ido ne a kan bairos ɗin. Ta ce kwamfuta mai lamba shida da mai lamba tara sun mutu tun safe, in je in sa musu idon. Na tafi. Ina can ya buga shekarar haihuwar wani yaro ba daidai ba, Allah ya taimaka yaron ya gani kafin a tura.

Kwana huɗu suka rage a rufe rajista. Kwana huɗu kawai. In ya kai Laraba, shi ke nan.

Litinin, 26 ga wata, bayan Magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Wajen sha ɗaya na safe, kafe cike, Baba ya tashi zai ɗauko takarda a firinta. Wani ya ajiye jaka a hanya. Kowa yana tsallake ta, shi ya yi tuntuɓe ya dafa teburin Madam, kofinta ya faɗi ya fashe. Ya sunkuya yana laluben gutsattsarin a ƙasa, hannunsa na wuce su.

Madam ta kalle shi, ta kalli jajayen idanunsa, na ga lokacin da ta yanke hukunci a ranta. Ta ce, "Baba Dantong, yanzu na gane. Kuskure kullum, hannu yana rawa, tafiya ba daidai ba. Ka fara shan burkutu da safe ko?" Wasu yara a baya suka ƙunshe dariya. Mutumin nan dattijon coci ne, shi ke riƙe mabuɗin cocinsu a Kabong. Ko lemon kwalba ba ya sha sai an matsa masa.

Ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Madam, ki yi haƙuri. Ba zan sake ba."

Ta sassauta murya. Ta ce ba za ta kore shi ba, saboda shekarun da suka yi tare. Ya je gida mako ɗaya ya gyara kansa, ya ga fastonsa, ya dawo Litinin mai zuwa kujerarsa na nan. Ya ce ya gode. Ya juya yana neman hularsa.

Mako ɗaya. Yanzu da nake rubutawa na ga abin da ya gani. Mako ɗaya, a rufe rajista, layi ya watse, ya dawo mu ci gaba da neman koren a tsanake. Ya sayi mako ɗayan nan da mutuncinsa, ya biya a gaban kowa, an ba shi.

Ni a lokacin dariyar yaran nan kawai nake ji. Ƙirjina kamar zai tsage. Sai na ji muryata tana cewa, "Madam, ba giya ba ce! Bai taɓa sha ba. Ni ne na goge masa saitinsa, babu wani bairos, ni na yi!"

Ta ce, "Wane saiti?"

Na so in janye maganar. Amma ihu bayan hari.

Madam ba yarinya ba ce. Ta kalli teburin da ke fuskantar bango. Ta kalli allon, harafi huɗu sun cika shi. Ta ɗauki takarda ɗaya daga firinta ta miƙa masa, ta ce a hankali, "Baba, karanta mini layi na farko."

Ya karɓa. Ya riƙe ta a gabansa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ninke ta biyu ya mayar mata, ya ce, "Ba zan iya ba."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna ta dafe kai. Ta ce me ya sa bai gaya mata ba tun tuni. Ta ce fom ɗin 'ya'yan mutane ne, rayuwarsu ce, ba za ta iya ba, ya fahimce ta. Ya ce ya fahimta. Ta ce ya zo Laraba su yi sallama yadda ya kamata. Ni kuwa ta ce mini kawai in je in duba lamba tara, har yanzu ba ta tashi ba. Aikina na nan. Ko gargaɗi ba a yi mini ba.

Talata, 27 ga wata, bayan Asuba

Na rantse masa.

Talata, da yamma

Madam ta sa na juyo da teburin lamba ɗaya ya fuskanci ɗaki kamar sauran. Wata yarinya 'yar cocinsu za ta fara gobe.

Laraba, 28 ga wata, bayan La'asar

Ya zo da hantsi, cikin rigarsa ta zuwa coci. Sun daɗe da Madam a ciki. Da ya fito ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Ya kwashe kayansa daga aljihun tebur, ba su da yawa: kofi, maganin ɗigawa a ido da yake ɓoyewa cikin kwalin ashana, da ɗan burushin da yake share kibod. Na tsaya nesa. Ban san ko ina da izinin matsawa ba.

A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Sharafa, zo ka tsallakar da ni."

Shekara biyar yana tsallake Titin Bauchi shi kaɗai sau biyu a rana, yana bin bayan mutane, yana jin motoci da kunne, don kar wani ya gane. Yau ya miƙo hannu a gaban masu shago da 'yan acaɓa da kowa, ya kama damtsena. Hannunsa ba nauyi. Muka jira motoci suka wuce, na ce masa akwai kwata a gaba, ya ɗaga ƙafa. Muka tsaya inda ake hawa motar da za ta kai shi cikin gari.

Na fara magana. Na ce ba zan iya jin ana kiransa mashayi ba, na ce zan ci gaba da neman kalar, zan kawo kwamfuta har gida, zan yi magana da wasu kafen. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Mashayi yana iya daina sha, Sharafa. Shi ya sa na karɓa."

Mota ta tsaya, kwandasta na kiran fasinja. Ya laluba ƙofar ya samu. Kafin ya shiga ya juyo da gefen idonsa na dama wajena, ba da fushi ba, kamar mai tambayar lafiyar gida. Ya ce, "Kai fa? Tunda ka faɗa, ka ji sauƙi yanzu?"

Motar ta tashi da shi.

Tun ranar Litinin nauyin nan da ke ƙirjina ya sauka. Na ji sauƙin. Wallahi na ji.